Ranar Da Na Tashi Yi Wa Injin Asibiti Faci

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsugunna gaban baho a tsakiyar ɗakin majinyata ina neman huji ba.

Ni mai faci ne a bakin titin Bunguɗu. Kafin faci na yi acaɓa, na sayar da fetur a kwalba a Tsafe, na koyi aski har na ɗan taɓa kunnen wani (ya yafe, amma bai dawo ba). Makaranta kuwa tun ina aji biyu na sakandare na bar ta, don ni zama wuri ɗaya ciwon baya yake sa mini. Abin da nake taƙama da shi guda ne, kunnena. Ko ranar kasuwa ce, in taya ta yi "sss" sai na ji.

To, Kawu Garba na Furfuri, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya tashi zai tafi gona sai fartanya ta suɓuce masa, baki ya karkace. Muka sa shi a motar maƙwabci sai wani asibiti a Gusau. Aka yi hoton kai, aka ce gudan jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ba motsi. Magana kuma in ya yi, kamar bakinsa cike da tuwo. Wannan ya fi tayar mana da hankali, don Kawu mutum ne da in ya fara labari bayan la'asar sai ladan ya raba. A ce ya rasa baki? Ni dai ban iya ko tunaninsa ba.

Likitar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta zaunar da Inna, matar Kawu, ta yi mata dogon bayani kan wani abu da za su ƙara masa bayan magunguna, Inna ta amince. Ni fa? Ina waje. Na ce zan sha iska, na ɓige da duba tayoyin motar ɗaukar marasa lafiya (na bayan sun cinye, har yau ina kan bakana).

Washegari da hantsi Inna za ta wanke kwanoni, ta ce, "Zamna nan wurin Kawunka. Kak ka motsa."

Na zauna. A damtsen Kawu an ɗaura abin nan irin na awon hawan jini, da tiyo zuwa wani ɗan akwati. Akwatin ya yi gurnani, abin ya kumbura tam har hannun ya sake launi. Na ce yauwa, ana aiki. Bayan 'yan mintoci sai na ji "sssss". Ya sace.

Na matso da kunne. Can ya sake cika. Ya ɗan riƙe. "Sssss."

Jama'a, ni za a gaya wa wannan kuka? Ko bawul ne ko huji. Ga shi ma a hannun hagu suka ɗaura, mai lafiyar, na daman da ya mutu yana kwance ba wanda ya kula shi. Raina ya ɓaci. Na ce wato don mun fito daga ƙauye aka haɗa mu da mai yoyo, Kawu na nan baki a karkace, iskar maganin tana tafiya a banza.

Na ɓalle abin, na zare tiyon daga akwatin. Kawu ya zaro ido yana "Mmm, mmm."

"Kwantar da hankalinka, Kawu, aikina ne."

"Mmmm."

(Na ɗauka godiya yake yi.)

Na fara da yawu a bakin tiyon, ba kumfa. Sai na ari bahon wani dattijo da ke jinyar ƙanensa a gadon kusa, na juye ruwan buta biyu, na hura abin da baki har kunnuwana suka toshe, na danne tiyon da babban yatsa, na nutsa shi. Ina juyawa a hankali, ina kasa kunne. Masu jinya suka fara taruwa. Ni kuwa da na ga jama'a sai baki ya buɗe.

"Kayan yanzu ba ƙwari. In na gano wurin, gam kaɗan zan sa, ya daina sacewa har a sallame mu."

Dattijon ya ce, "Allah shi yi albarka, yaro. Ga irin ɗan da aka so."

Akwatin kuma yana ta ƙara, ƙit-ƙit-ƙit. Ashe kira yake.

Takalma na fara gani. Na ɗaga kai, ga Likita, ga ɗalibai a bayanta cikin fararen riguna, kowa ya leƙo cikin bahon.

"Malam, me ake yi?"

"Faci, Likita. Abin naku yana yoyon iska."

"Ka sami hujin?"

"Tukuna dai."

"Ba za ka samu ba."

Wata ɗaliba ta juya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. Likita ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce da gangan injin yake matsewa ya saki. A hana hannu jini na ɗan lokaci, a sake shi, a kuma maimaita, sai jiki ya shiga shirin kare kansa, ana fatan wannan shirin ya bi jini ya kai ga ƙwaƙwalwar da ke cikin wahala. Shi ya sa suka zaɓi hannu mai lafiya. Ta ce har yanzu bincike ake a kai, ƙari ne kan magani, ba wanda ya yi mana alkawari.

"Amma da ka gyara shi ya daina saki," ta ce, "da hannun da ya rage masa ka kashe."

Dattijon ya miƙo hannu a hankali ya janye bahonsa.

Daidai nan Inna ta shigo da kwanoni a ka. Ta dube ni, ta dubi ruwan da ya malale har ƙarƙashin gado. "Wanga yaro. Mi nac ce maka?"

Sai gadon Kawu ya fara girgiza. Muka yi kansa a tsorace, Likita ma ta matso da sauri. Ashe dariya ce, da rabin baki, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

An kawo wani maɗaurin busasshe aka ci gaba. Ni kuma sauran kwanakin hannuwana suna cikin aljihu.

Kawu ya koma Furfuri, yana takawa da sanda. Ko injin ne ya taimaka, ko magungunan, ko duka, Allah ne masani, Likita ma ba ta yanke ba. Abin da ta ce kawai, a riƙa sa shi magana kullum don harshen ya warware. To ba labarin da yake yarda ya bayar sai wannan. Duk Juma'a in na rufe rumfa na je gaishe shi, sai in tarar an taru a ƙofar gida. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, wani lokaci ya maƙale a tsakiya yana nema. Ni ne mai tuna masa.

"Baho, Kawu. Ka tsaya a wurin baho."

Yanzu har muryar Inna yana kwaikwaya. Ni kuma na koyi abu guda: in na ji "sss" a wurin da ba rumfata ba, sai na tambaya ko akwai mai shi.