Hutun Turkiyya a Hawa na Tara

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a Turkiyya ba, musamman da yake ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Lokacin ina amarya a Wangsa Maju, wata unguwa a Malesiya. Maigidan yana digiri na uku, ni kuwa daga sakandare sai aure sai jirgi. Ya fita da safe, sai magariba. Matan Hausawan da ke gininmu kusan duk karatu suke yi, in an haɗu hirar ba ta wuce bincike da malamin da ke duba aiki. Ni kuma ba ni da haƙurin sauraron abin da ban gane ba. Na taɓa ce wa wata, "Ke ba ki da wata hirar ne?" Daga ranar sai gaisuwa a bakin lif. Wani lokacin sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai mai kantin ƙasa, shi ma "boleh, boleh" ce kawai, wato "to, to" da yarensu.

Sai ga shi an gayyaci maigidan aikin mako uku a wata jami'a a Izmir, ya ce tare za mu tafi. Wayyo! Na samu abin yi. Na zauna a gaban kwamfuta na tsara ƙasar nan kaf: mu sauka Istanbul in ga masallatai da kasuwa, mu wuce Izmir, ƙarshen mako mu gangara Bodrum da Fethiye, mu ƙare a Antalya in sa ƙafa a teku. Na san motar da ke tashi daga wane gari zuwa wane, na san mayafin da zan yafa a kowane hoto. (Shi dai ya ce, "Aiki fa za ni." Na ce ya yi aikinsa, ni zan yi yawon.)

Amma abin da ya fi tafiyar daɗi shi ne sallama. Kun san mu, ba a tafiya sai an bi gida-gida. Karon farko ke nan da na samu dalilin ƙwanƙwasa ƙofar mutane, kuma ina da abin faɗa. Wadda na yi wa gatsali ma sai da ta ba ni kujera tana tambayata Fethiye. Maman Walid, babbar cikinsu da ke hawa na shida, ta yi mini dambun nama cike da roba.

"Amarya, kawo makulli ɗaya," ta ce. "Garin nan in aka rufe gida mako uku, kafin ki dawo kayanki sun yi funfuna. Zan riƙa buɗe miki taga."

Na miƙa mata ina jin kaina wata babba.

Ana saura 'yan kwanaki maigidan ya karɓi fasfo ɗina zai cike mana neman biza. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ke, fasfon nan ai ya kusa mutuwa. Ba za su karɓa ba."

Na san kuɗin shiga kowane gidan tarihi a Istanbul, amma ban taɓa buɗe shafin farko na fasfo ɗina ba.

Ya ce in gaya wa mata gaskiya, ba wani abu ba ne. Na ce to. Ya tafi da asuba, na rufe ƙofa, na ja labule, ban gaya wa kowa ba. Ta yaya? In koma in ce wa Maman Walid ga dambunki? In koma waccan yarinyar da ba ta da abin faɗa? Na yanke shawara zan yi hutuna a hawa na tara, in lokaci ya yi in je kantin Larabawa in sayo alawa a matsayin tsaraba.

Haka na zauna. Ba na kunna fitilar falo, ba na soya albasa kada ƙamshi ya fita. Kullum sai in buɗe tsarina in ce yau ina Bodrum, in kalli bidiyon teku ba sauti. Ina jin yaran mutane suna guje-guje a baranda, ina jin ƙarar jirgin ƙasa na LRT yana wucewa. Da, babu mai nemana. Yanzu ni na hana a neme ni, kuma wallahi wannan ya fi ciwo.

Makulli kuwa? Na manta da shi sarai.

Ranar da ya kamata ina Fethiye, ina zaune da ɗaurin ƙirji, robar dambu a cinya, shinkafa a tukunyar lantarki, sai na ji makulli yana juyawa. Ban san lokacin da na faɗa banɗaki ba, da robar a hannu.

Muryar Maman Walid ce, da ta Zainab, wadda na yi wa gatsalin nan.

"Allah sarki amarya, ko tana wane gari yanzu?"

"Tana can tana faɗa da Turkawa," in ji Zainab. "Amma kin san na yi kewar bakinta? Ita kaɗai ce ba ta tambayata babi na nawa nake a bincikena."

Sai tukunya ta yi ƙas, shinkafa ta nuna.



"Zainab, wa ya ɗora shinkafa?"

"Innalillahi! Anti, fanka ma tana juyawa!"

Maman Walid ta fara addu'a da ƙarfi, Zainab tana cewa a kira mai gadi, ɓarawo ne. Na hango kaina mai gadi ya fito da ni daga banɗaki da ɗaurin ƙirji gaban duk mutanen gini. Na buɗe ƙofa.

"Ni ce."

Suka kalle ni, suka kalli robar. Dambu har a haɓata.

"Amarya," in ji Maman Walid a hankali, "sannu da zuwa. Ya hanya?"

Zainab ta zube a kujera tana dariya har da tari. Ni kuwa na buɗe baki zan yi bayanin fasfo, sai kuka ya zo, irin mai majina. Maman Walid ta nufi taga. Ta yaye labule, ta buɗe tagogin da ta zo buɗewa, ta kashe tukunya.

"Kwana nawa kike nan ke kaɗai kamar mayya? Ɗauko mayafinki da shinkafar. A gidana za ki ƙarasa hutun."

A can na ƙarasa shi, a katifar ɗakin yara. Zainab kan leƙo da yamma ta ce, "Hajiya, yau muna wane gari?" In ce Antalya, ta ce to a tapau mana shayi, wato a ƙunso shi, daga mamak, shagon shayin unguwa, mu sha a bakin teku. Har muka bar Malesiya sunana 'Yar Turkiyya, kuma ina amsawa.

Abin da na koya: kafin ki yi sallama, duba fasfo. In kuma kin ƙudura sai kin ɓuya, kada ki ba wa mutanen kirki makulli.