Bindigar Ɗanjuma Maharbi a Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ba, a hutun ƙarshen zango, lokacin ina aji biyar na sakandare. Shekaru sun ja, na yi aure har da 'ya'ya, amma har gobe idan salansar babur ta yi tari a bayana sai na zabura na waiwaya.

Makarantar kwana nake yi a wajen Makarfi, kuma ina cikin ƙungiyar kadet, wato ɗaliban da ake ba kaki ana koya musu fareti da ladabin soja. Mai koyar da mu wani tsohon soja ne, Saje Yohanna, mutum marar yawan magana da ke ɗan jan ƙafar hagu. Shi ya koya mana yadda ake sara wa na gaba, da miƙewa idan babba ya shigo, da cewa shugaba shi ne na ƙarshen cin abinci. Ni dai a duk darussan nan abin da ya fi shiga raina shi ne ba da umarni. Allah ya ba ni murya, idan na ce a ƙame a filin ƙwallo har masu dafa abinci a kicin suna ji. Saboda muryar nan aka liƙa mini igiya uku a hannun riga, na zama saje a cikin 'yan'uwana ɗalibai, na fara tafiya kamar an sa mini sanda a baya.

Bindigoginmu kuwa na katako ne (wani kafinta ya sassaƙa su, aka shafa musu baƙin fenti). Da su muke kwaikwayon komai: mu zare gidan harsashin da babu shi, mu ja, mu leƙa, mu danna kunamar da ba ta motsi. Bindigar gaske sau ɗaya na taɓa riƙewa, ranar da aka kai mu ziyara bariki aka jera mu a layi, kowa ya ɗan ɗaga ta ya miƙa wa na bayansa. Ilmina ke nan gaba ɗaya, kuma a ganina ya isa a ba ni bataliya.

Doka ce ba a tafiya gida da kaki. Na naɗe nawa na cusa a ƙasan akwati, na tafi da shi ƙauyenmu da ke kusa da Furana.

Na tarar da gari babu daɗi. An kore shanun wani ƙauye da ke gabas da mu, an sassari mai su, shi ya sa magidantan garinmu suka haɗa ƙungiyar sintiri. Ba su da komai sai gora da adda da tocila, sai bindigogin toka guda uku. Kawuna Haladu, ƙanin mahaifiyata, yana cikinsu. Acaɓa yake yi tsakanin garinmu da Ikara, kuma duk duniya babu mai alfahari da ni kamarsa, don shi ke kai ni tasha duk komawa makaranta. Da ya gan ni cikin kaki sai ya tafi wurin mai unguwa ya ce ga soja Allah ya kawo har gida, me zai hana ya koya musu abin da ya sani. Ina tsaye aka yi maganar. Abin da ya kamata in ce bai wuce kalma uku ba: ni ɗalibi ne. Sai na gyara hula na ce a tara mini su bayan la'asar a filin firamare.

Mutum kamar ashirin suka zo, yawancinsu sa'o'in mahaifina. Mata suka leƙo ta saman danga. Baba ya tsaya can gefe a gindin darbejiya ya harɗe hannu a baya, bai ce komai ba, ni kuma na ɗauki shirun nasa a matsayin yabo. Na jera dattawan nan a sahu uku. Na daka wa ƙanin liman tsawa ya cire hannu daga aljihu. Na sa wani mutum da ya halarci sunana ya maimaita juyawa dama har sau shida, saboda kullum hagu yake yi. Babu wanda ya yi mini musu. A tsorace suke da abin da ke faruwa a daji, suna ganin wataƙila akwai wani abu a wurina da zai tsare musu iyali. (Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai idan na tuna. Ba wasa suka zo yi ba, ni ne na zo wasa.)

Da muka gama fareti na ce yanzu sai darasin kiyaye bindiga. Na zayyano musu ƙa'idoji uku yadda na haddace su. Kowace bindiga ka ɗauka a ɗure take sai ka tabbatar da idonka. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Yatsa ba ya zuwa kan kunama sai lokacin harbi. Na sa suka maimaita a bayana kamar 'yan aji ɗaya. Sannan na miƙa hannu wurin Ɗanjuma maharbi, wani tsoho da ya fi shekara arba'in yana farauta, na ce ya ba ni tasa in nuna musu yadda ake duba bindiga a aikace.

Bai so ba. Ya riƙe ta, ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya gyaɗa masa kai. Da yake miƙo mini sai ya ce, a hankali, "Yaro, bi ta sannu, tana da ciki."

Na ji shi sarai. Ban fahimci cewa yana nufin ya ɗura mata albarushi da ƙarfe ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Kalmar yaro ce ma ta tsaya mini a wuya. Na ce masa a soja ba a cewa yaro, sannan na ƙara da cewa idan ciki gare ta yau za mu karɓi haihuwa. Wasu suka yi 'yar dariya.

Na juya bindigar ina neman gidan harsashi in zare, ban ga ko ɗaya ba, domin bindigar toka ta baki ake ɗura ta, abin da kowane mutum a filin nan ya sani ban da malaminsu. Da ban ga abin zarewa ba sai na sanar da su cewa babu komai a ciki. Na ja ɗan ƙarfen da ke buga mata wuta baya har ya yi ƙas, yadda muke kwaikwaya da katako. Na sunkuyar da bakin ƙasa kaɗan, na juyo ina fuskantar sahu don kowa ya gani da kyau, ina ce musu idan an tabbatar babu komai sai a danna. Na hango Ɗanjuma ya ɗago hannu ya buɗe baki. Na danna.

Ban ji ƙarar kamar ƙara ba, ji na yi kamar an mare ni a kunnuwa biyu lokaci ɗaya. Gindin bindigar ya doke ni a ƙugu, hayaƙi ya rufe ni. Da ya washe sai na ga sahun gaba ya watse, saura mutum ɗaya a ƙasa ya riƙe gwiwa da hannu biyu, jini yana fita ta tsakanin yatsunsa. Kawu Haladu ne. Shi ya tsaya a gaban kowa don ya fi kowa jin abin da ɗan yayarsa zai ce.

To, a nan ne ya kamata saje mai igiya uku ya nuna abin da aka koya masa, don an koya mana ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya ji ciwo, har jarrabawa na ci a kai. Abin da na yi shi ne na yar da bindigar na ruga. Na tsallake dangar makaranta na faɗa gonar dawa, na yi ta kutsawa har ƙafata ta harɗe na kife. A nan na kwanta. Sai a lokacin na lura wandon kakin ya jiƙe tun daga sama har cikin takalmi, kuma ba raɓa ba ce.

Ina kwance ina jin salatin mata, ina jin an tayar da babur ya mutu, an sake tayarwa ya tafi. Daga baya na ji yadda aka yi. Ɗanjuma ne ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar. Babur ɗin da ke kusa na Kawu ne, mai tuƙa shi kuma ga shi a kwance, sai wani Bafulatani maƙwabcinmu mai suna Ja'e ya hau, Baba ya zauna a baya ya rungume Kawu a tsakiya, suka nufi asibiti a Ikara.

Rana ta kusa faɗuwa na ji ana ture karan dawa. Inna ce, mahaifiyata. Sawun takalmina ta biyo. Ta tsaya a kaina ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan wandon, ta kawar da kai. Na tambaye ta ko ya mutu.

"Da ransa suka tafi," in ji ta. "Ko da ya mutu ma ba a gonar mutane za ka karɓi gaisuwa ba. Tashi."

Babu wata hanya zuwa gidanmu sai ta ƙofar masallaci, kuma lokacin ana alwalar magariba. Haka na wuce a bayan Inna, da hula a hannu, da jiƙaƙƙen wando, ta gaban mutanen da na gama yi wa tsawa ɗazu. Na so a ce wani ya zage ni ko ya yi dariya. Babu wanda ya yi. Ƙanin liman ma matsawa ya yi ya ba ni hanya.

Daga Ikara aka tura Kawu Zariya. Likitoci suka ciro ƙwayoyin boris na keke da guntayen ƙusa daga gwiwar, suka ce ƙafar za ta tsira amma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Da yake raunin bindiga ne, sai da 'yan sanda suka shigo maganar. Kawu ya ce musu tsautsayi ne, ba ya ƙarar kowa. Ɗanjuma ya kwana biyu a wurinsu yana amsa tambayoyi, aka kuma riƙe bindigar, wadda ya gada daga mahaifinsa. Da ya dawo na je ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da ya miƙa, sannan ya ci gaba da gyaran tabarmarsa bai ƙara ɗago kai ba. Ƙungiyar sintirin ma ta yi sanyi na tsawon makonni, a lokacin da garin ya fi bukatarta.

Sai da Baba ya tasa ni gaba na iya zuwa duba Kawu. Na shiga ɗakin na durƙusa a gefen gado, na gaishe shi da jiki murya ba ta fita (muryar nan da ake ji har kicin). Ya juyo ya ce, "A'a, soja, ka iso?" Na ce masa, Kawu, ni ba soja ba ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai ya gane hakan tun ranar Laraba. Sannan ya tambaye ni yaushe za a koma makaranta, ya ce in yi haƙuri wannan karon sai dai wani ya kai ni tasha.

Labari ya riga ni isa makaranta. A faretin farko Saje Yohanna ya kira ni gaban kowa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni wa ya ɗaure raunin, na ce maharbi. Ya tambayi wa ya ɗauki wanda aka harba, na faɗa. Ya ce ni kuma ina ina? Na sunkuyar da kai. Ya ce zai jira, kuma ya jira, ɗalibai sun fi sittin a ƙame a rana, har sai da na buɗe baki na ce ina cikin dawa. Ya zaro reza daga aljihu ya warware igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce bindiga takan kuɓuce wa manyan hafsoshi ma, ana hukunta su a wuce wurin, amma wanda ya tara mutane ya ce su bi shi sannan ya bar su a cikin jini, ba shi da abin da zai koya masa. Ya ce in ajiye kakin a ofis in koma aji.

Kawu bai ƙara hawa babur ba. Yana zaune yanzu a bakin hanya yana sayar da fetur a kwalba, da ƙafar a miƙe kan wani ɗan benci, kuma a zaune yake salla. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni ne dai duk ranar Juma'a nake biyawa in ɗauke shi zuwa masallaci.

Yau ina aiki a wani ofis a Ikara, aikin takarda, inda abu mafi kaifi a teburina almakashi ne. Abokan aiki suna yi mini tsiya wai ban taɓa yarda na iya komai ba. Makon jiya janareta ya ƙi tashi, wani ya nuna ni ya ce ai wannan ya san kan inji, na yi maza na ce ban sani ba, a kira makanike. Gaskiyar magana na ɗan sani kaɗan. Kaɗan ɗin nan ne nake tsoro, don na ga aikinsa.