Ranar da Na Kai Kaka Gaban Makirufo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na hango Asiya, wata 'yar ajinmu, tana manna wata takarda a allon sanarwa na jami'armu a Wudil ba. (Gaskiya Asiyar na fara gani, takardar sai daga baya.) Ƙungiyar marubuta ce za ta yi taro kan yadda adabin zamani zai ɗauko tatsuniyoyinmu ya nuna ko mu su waye a ƙasar nan. Ni kuwa da na taso a kan littattafan soyayya na kasuwa, nan take na ga kaina ina jawabi, ita tana share hawaye.

Na ce mata, "Ni ba takarda zan karanta ba, tushen zan kawo muku da ransa."

Tushen shi ne Kaka, mahaifiyar babana, a Lajawa. Ita kaɗai ta rage da wata doguwar tatsuniya ta 'yar masunci da ta auri kogi. Ban taɓa jin ƙarshenta ba, kullum barci ke sace ni. Na ce mata biki za mu, na ɗauko ta a adaidaita sahu.

Ƙarfe sha biyu na rana, zaure cike da malamai, na yi dogon jawabi, na kira ta "muryar al'umma", na miƙa mata makirufo. Ta kalli taga, ta kalle ni.

"Maigida, tatsuniya da rana tsaka? So kake in ɓata a hanya? Wa ya rene ka ne?"

(Ita ta rene ni.) Kowa ya ji. Na raɗa mata cewa camfi ne. Ta ce, "To kai da ka yi boko sai ka yi musu tatsuniyar." Ta ja mayafinta ta zauna. Aka fashe da dariya. Asiya ta sunkuyar da kai, babu hawaye ko ɗigo.

A hanyar komawa Kaka ta ce in zo bayan isha'i duk ranar da na so, za ta ba ni har ƙarshe. Fushi ya hana ni, sai jarrabawa, sai bautar ƙasa. A makare na gane ba a loda al'ada a adaidaita a sauke ta lokacin da aka ga dama.

Bayan shekara huɗu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na zagaya tsofaffin Lajawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san farkon, amma ba wanda ya san ko 'yar masuncin ta dawo gida.