Bugu Uku a Gadon Bayan Babban Maƙeri

Ku matso, ku samu wuri ku zauna, wanda bai samu kujera ba ya jingina da bango. Yau labarin babban mutum zan ba ku, kuma ba na son in ga ana dariya.

A wata unguwa an yi maƙerin da ba a taɓa yin irinsa ba. Bai taɓa hura wuta ba, bai taɓa ɗaga guduma ba, tartsatsi bai taɓa ƙona masa riga ba. Da soso yake ƙira, irin wanda ake cusawa a katifa. Daga Litinin zuwa Juma'a hatimi yake bugawa a takardun mutane, a wani ofis mai fanka ɗaya. Ranar Asabar kuwa sai ya ɗaura rigar fata, ya shiga gareji, ya zama Babban Maƙeri. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada ya wahalar da jama'a da nema.

Makaman da yake ƙerawa na wata ƙungiya ne. Manya ne masu hankalinsu, malaman makaranta, direbobi, teloli, har da wani mai harhaɗa magani. Duk ƙarshen wata su haɗu a wani fili bayan gari, su rabu gida biyu, kowa ya ɗauki matsayin da ya ƙirƙira wa kansa, wannan jarumi, wancan ɗan leƙen asiri, su gwabza yaƙi da takubban soso. Wanda aka taɓa a hannu ya ɓoye hannun a baya. Wanda aka taɓa a ƙirji ya kwanta ya mutu har a busa usur. Sharaɗinsu guda ne, kowa ya koma gida da haƙoransa.

Yadda ake haɗa takobin ba ɓoyayye ba ne. Bututun roba mara nauyi a ciki, soso mai kauri a kewaye, a ƙara wani soson a tsini, a shafa gam, a naɗe da salatif. Kowa ya san haka. Babban Maƙeri ma ya sani, shi ya sa ya raina.

Ana nan sai ƙungiya ta ce ta gaji da kowa ya zo da nasa tarkacen. Za a zaɓi mutum ɗaya ya riƙa haɗa wa kowa makami, a rubuta sunansa a jikin tuta. 'Yan takara biyu ne, Babban Maƙeri da wani tsoho mai gyaran katifa a bakin titi. Kowa ya kawo takobi ɗaya ranar wasa. Wanda nasa ya fi aminci, shi ke nan.

Sunansa a jikin tuta! Mako uku Babban Maƙeri bai yi wa kowa magana a gida ba sai jawabi.

Matarsa ta leƙa gareji wata safiya, ta tarar da shi cikin ɓurɓushin soso har gashin gira.

"Baban yara, ina matashin kujerar tsakiya?"

"Ya shiga tarihi."

"To sandar labulen falo fa, ta ƙarfen nan? Kwana biyu ke nan maƙwabta na kallonmu muna cin abinci."

Ya ajiye reza, ya gyara tsayuwa. "Ki saurara, Maman yara. Takobi ba shi da daraja sai da ƙashin baya. Su masu bututun roba, idan sun ɗaga nasu rawa yake yi kamar jelar akuya. Nawa zai tsaya cak. Su maƙwabta kuwa su kalla, gidan maƙeri ba shi da abin ɓoyewa." Ya rage murya. "Amma kada ki faɗa wa ƙanwata."

Ƙanwar tasa ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke duba makamai kafin a shiga fili.

Gaskiya takobin ya yi kyau, kada mu ci amanarsa. Ya fere soson har ya zama kamar fatar albasa, don kaifi ya fito. Ya fesa fenti ruwan azurfa. Ya ɗinka masa kube. Ya tsaya gaban madubi yana zarewa yana mayarwa, har sai da ya makara zuwa ofis sau biyu.

Ranar wasa, hantsi ya dubi fili, mutum arba'in suka kewaye tebur. Mai katifa ya zo a keke, ya ajiye nasa takobin. Wani abu ne lufu-lufu, gajere, mai kama da burodin da ya kumbura, an naɗe shi da baƙin salatif duk a karkace. Ƙanwar Maƙeri ta ɗauka. Ta danna babban yatsa tun daga mariƙi har tsini, ta lanƙwasa, ta buga a cinyarta, ta gyaɗa kai.

Babban Maƙeri na kallon yatsan nan. Ya san shi. Yatsa ne da ke gano jijiya a hannun jariri. Idan ya sauka a kan fatar albasa, sandar labule ba ta da wurin ɓuya. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya hau kan akwatin ruwan sha ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Danne-danne da yatsa aikin mai sayen tumatir ne. Maƙerin gaskiya da jikinsa yake tsaya wa aikinsa. Ina ba da shawara, kowane mai ƙira ya juya baya, a zuba masa bugu uku da makaminsa. Wanda ya ce wash, ya fita. Wannan shi ne gwajin maza!"

Lissafinsa mai kyau ne. Tsohon nan siriri ne kamar tsinke, zai tsorata ya janye. In ma an zo kansa, wa zai iya sakin hannu a kan Babban Maƙeri? Ɗan shafa za a yi, don girmamawa.

Ƙanwarsa ta dube shi. "Yaya, ka tabbata?"

"Ke, ana maganar manya."

Jama'a suka yi tafi. Aka nemi mai bugu, aka tura direban tirela gaba. Mutum ne mai faɗin ƙofa, mai ladabi, wanda duk abin da aka ce ya yi, yi yake da zuciya ɗaya. Babban Maƙeri ya dafa masa kafaɗa, da ƙyar ya kai. "Kada ka ji tausayin kowa," ya ce da ƙarfi, don na baya su ji.

Mai katifa ya juya baya yana ɓare gyaɗa. Buf. Buf. Buf. Ya waiwayo. "Ɗana, ka fara ne, ko in ƙara jira?"

Sai aka zo kan Babban Maƙeri. Ya tuɓe rigar fata, ya miƙa wa direba takobin da hannu biyu, ya juya, ya harɗe hannuwa. Direba ya jinjina abin a hannunsa, ya ɗan ɗaga gira, amma an ce masa kada ya ji tausayi.

Bugun farko ya yi ƙara irin ta ƙofar gareji idan iska ta turo ta. Tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Babban Maƙeri ya ga hasken da bai taɓa gani ba. Ya buɗe baki, kalmar nan tana bakin harshensa, ya hango tuta tana kaɗawa, ya haɗiye.

"Kamar auduga," ya ce. Muryar ta wata yarinya ce ƙarama da ba wanda ya sani.

Na biyu ya sauka a inda na farko ya share hanya. Ƙanwarsa ta matso.

"Yaya, don Allah me ka sa a cikin abin nan?"

"Ilimi," ya ce, hawaye na bin kumatunsa. "Ƙura ce ta shiga min ido. Ci gaba."

A na uku soson ya tsage daga sama har ƙasa, ya zame ya faɗi kamar ɓawon ayaba. Direba ya tsaya riƙe da sandar ƙarfe tsirara, da zoben labule guda biyu suna lilo a jikinta. Babban Maƙeri bai ce wash ba, a rubuta masa wannan. Zama kawai ya yi a hankali, sannan ya kife.

Ba a ma tsaya ƙirga hannuwan masu zaɓe ba. Aka miƙa wa mai katifa alƙalami don ya rubuta sunansa a tuta, ya ce hannunsa da maiƙon gyaɗa, wani ya rubuta masa.

Ƙanwar ta ɗage rigar yayanta, ta ga layuka uku jere kamar an ja da rula. Ta shafa magani, ta ce yau ba gudu, ba ɗaga hannu, ba kwanciya rigingine. Shugaban wasa mutum ne mai tausayi, sai ya ƙirƙiro masa matsayi nan take. Shi ne gawar sarki. A kwantar da shi ruf da ciki a tsakiyar fili, ɓangaren da ya ɗauke shi ya kai sansaninsa ya samu ƙarin maki.

Babban Maƙeri ya ɗago kai daga ciyawa. "Kun gani ko? Duk yaƙin nan a kaina za a yi."

Aka busa usur. Ya ji gudu, ya ji ihu, ya ji buf-buf ɗin takubba. Ya rufe ido, ya saki jiki yadda gawa mai daraja ya kamata ta yi, yana jiran hannuwan da za su yi rububinsa. Hayaniyar ta matsa gefen bishiyoyi. Ta gangara bayan tudu. Tururuwa suka same shi, bai motsa ba. Rana ta dawo tsakiyar ka, bai motsa ba.

Can ya ji an taɓa ƙafarsa da takalmi.

"Yaya, tashi, an tashi. Mota ke jiranmu."

"Wane ɓangare ne ya ci ni?"

Ta tattara kwalaben ruwa a jaka kafin ta amsa. "Babu wanda ya nema."

To jama'a, ga shi nan dai yadda aka yi. Ni abin da nake so ku faɗa min tsakaninku da Allah, da bayanku ne, a bugu na nawa za ku ce wash?