Yadda Za Ka Ƙera Ƙofa Mai Jin Addu'a

Malam, matso kusa. In kana da ƙofa, kana da waya, kana kuma da matar da ta fara gajiya da basirarka, wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, ka bi matakan nan daki-daki, za ka mallaki ƙofar da ke buɗewa da kullewa daga wayarka, a farashin da ko kwaɗon kirki ba zai saya ba. Ɓarawo zai zo, ya duba, ya koma gida ya sake sana'a. Ni na faɗa, kuma duk layinmu ba wanda bai san ni da Injiniya ba.

1. Nemi izini, ko abin da ya yi kama da shi

Ka san ɗan ɗakin nan na bayan kicin, inda ka jibge matattun rediyo da igiyoyin caja. Kai kana ce masa ɗakin bincike, matarka tana ce masa bola, kuma ta daɗe tana son shigar da keken ɗinkinta ciki. Da ka kawo zancen ƙofa za ta tuna maka fankar da ka haɗa ta cinye labule. Kada ka yi musu, labulen ma dama ya tsufa.

Za ta ce, "Injiniya, wannan ne na ƙarshe. In ƙofar nan ta ba mu kunya, ɗakin ya zama nawa."

Ce mata ka yarda. Sannan ka shafa makullin ɗakin da ke rataye a wuyanka. E, kwaɗo ne na kowa da kowa a ƙofar ɗakin binciken. Mai ilimi ba ya gwaji a kan kayansa.

2. Tara kayan aiki

Je wurin bakanike ka roƙi injin da ke ɗaga gilashin mota, wanda ya riga ya jefar. Samo batirin babur, da sakata mai kauri, da robar tsohon tayar keke. Sai tsohuwar wayarka mai fasasshiyar fuska, ita ce ƙwaƙwalwar ƙofar. In bakanike ya tambaye ka me za ka yi da su, ce masa sirrin kamfani ne.

3. Haɗa

Ɗaure injin a jikin sakata, ɗaure wayar a jikin injin, ɗaure duka da roba. Jar wayar wuta ta bi ja, baƙa ta bi baƙa. In ka ga hayaƙi, to alama ce wuta na zuwa, madalla.

Mai gyaran waya zai sa maka manhajar da za ta haɗa tsohuwar wayar da sabuwa. Ka danna kore, sakata ta ja baya, ƙaras! Ka danna ja, ta koma, garam! Yi ta dannawa har matarka ta leƙo ta ce kanta na ciwo.

4. Koya mata jin magana

Ƙofar da sai an danna ta kowa ma zai iya yi. Taka dole ta ji Hausa. Koya mata kalma biyu kacal: buɗe da rufe. Kuma tun da mutane ba bakinsu ɗaya ba, saita ta yadda ko buɗa aka ce, ko buɗi, ko rufa, ko rufi, ta gane. Wannan shi ake kira hangen nesa.

5. Kada ka razana da ƙananan matsaloli

Washegari maƙwabcinka zai tsaya a bakin ƙofa ku gaisa, ya ce, "To Injiniya, Allah ya buɗa." Ƙaras! Ga tsakar gida a fili, ga matarka tana shanya, ta zuba maka ido. Yi murmushi ka ce gwaji ne.

Gyaran ba wuya. Mayar da kunnen ƙofar, wato makirufon tsohuwar wayar, ta ciki, ka cusa masa auduga, yadda ko ihu mutum ya yi daga waje ba za ta ji ba. Na ciki ya yi magana, na waje ya danna waya. Yanzu kam ko ɓarawon da ya iya addu'a bai isa ba.

6. Gayyato babban baƙo

Ƙirƙira ba shaida ɓata lokaci ce, kuma ba shaidar da ta kai surukarka. Baiwar Allah ce da ba ta iya jimla ɗaya ba addu'a a ciki. Tarbe ta, ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai ta gaban ƙofar.

Za ta ce, "Kai, ɗan nan, kai ka yi wannan? Allah ya buɗa maka!" Ƙaras! "Ya rufa maka asiri." Garam! "Ya buɗa ƙofofin arziki." Ƙaras!

Za ta ja da baya tana salati, ta tambayi 'yarta ko akwai wani a jikin ƙofar. Kwantar mata da hankali, ka ce kimiyya ce.

7. Nuna bajinta daga waje

Nan ne za ka rufe bakin kowa. Yi haƙuri, kada ka faɗi wannan kusa da ƙofar. Ce musu, "Mama, bari in fita ku ga yadda ake shigowa ba makulli." Fita da singileti da takalmin wanka, don ba daɗewa za ka yi ba. Wayarka kuwa tana kan firji tana caji, amma wannan sai daga baya za ka tuna.

Mama za ta bi ka da kallo, ta girgiza kai ta ce, "Allah dai ya rufa asiri."

Garam!

Lalube aljihu. Ka tuna singileti ba shi da aljihu. Daka wa ƙofar tsawa, "Buɗe!" Ba za ta ji ba, audugarka mai kyau ce. In hadari ya taso, kada ka damu, ƙofar ba ta jin ruwa.

8. Roƙi addu'a ta taga

Zagaya tagar falo. Za ka ga matarka tana yi wa mahaifiyarta raɗa a kunne, Mama tana gyaɗa kai. Gabanka zai faɗi, kuma ya cancanci faɗuwa.

"Mama, don Allah a ɗan sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

"Amin Mama, amma ba wannan ba. Irin ta ɗazu."

"Allah ya shirye ka."

"Mama, wadda ake yi wa 'yan kasuwa."

"Allah ya ba ka haƙuri da juriya."

A lokacin ne ruwa zai sauko, maƙwabcinka ya leƙo ta katanga yana tambayar ko wannan ma gwaji ne. Sai matarka ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafan taga, ta shimfiɗa tafinta.

"Injiniya, ta ba mu kunya ko ba ta ba mu ba?"

Yi bayani a kan batir. Yi bayani a kan sabis. Hannun ba zai motsa ba. Zuciyarka za ta yi maka zafi, don wallahi ɗakin nan ne kaɗai inda ba a taɓa ce maka ka kwashe tarkacenka ba. Cire makullin daga wuyanka ka ɗora a tafin.

Mama za ta taka har gaban ƙofar, ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu sama: "Allah ya buɗa wa 'yata kasuwar ɗinki!"

Ƙaras! Shiga a jiƙe, ka ce amin. Ka lura fa, na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da mura, ko dariyar maƙwabta, ko ɗakin da ya suɓuce wa wani. Duk abin da aka ambata bai taɓa faruwa da shi ba, kuma in ka gan shi zaune a ƙarƙashin matakala da kwalin rediyo a cinya, iska yake sha. Mai son ɗinkin riga ko labule ya zo gidanmu, ɗaki na bayan kicin. Ka ƙwanƙwasa kawai, in an shigar da kai kuma ka kama bakinka da addu'a har sai ka fita.