Yadda Na Fassara Wa Kaina Kaye Na Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wasan kakar da aka yi a garin Isa zamanin Turawa ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina sabon malamin elementare. Kaka ta yi kyau, gero ya cika rumbuna, sai aka ce Di'o, Baturen mulki, zai zo kallon wasannin gargajiya. Tafintansa ya kwanta zazzaɓi, aka ɗauko ni, don a duk filin ni kaɗai ke jin Turanci (rabinsa ma cinta nake yi, amma wa ya sani?).

Na sa farar riga da takalmi sau-ciki, na tsaya bayan kujerar Bature ina hura hanci. 'Yan tauri suka yi nasu, masu gangar noma suka yi, 'yan mata suka yi rawa, ina ta bayani kamar ni na ƙirƙiro al'adar.

Sai aka zo kokawa. Wani ƙato daga ƙasar Faranshi, wato Nijar ta yanzu, ta bayan garin Burkusuma, ya kayar da duk wanda ya fito, ya tsaya tsakiyar fili yana kirari. Can sai makaɗa suka juya kiɗa, na ji taken kakana. Kakana shahararren ɗan kokawa ne a garinmu Gangara, kuma a wurinmu in aka buga taken gida, dole jinin gidan ya fito, in ba haka ba makaɗa su ba wani taken.

Ƙanen mahaifina, Baba Nomau, ya ratso mutane ya kama hannun rigata. (Daga baya na gano shi ya je ya raɗa wa makaɗa cewa jikan yana nan.)

"Mi kaka jira? Taken gidanmu na."

"Baba, aiki nikai. Ban taɓa kokawa ba."

"Ni na tsuhwa, 'yan uwanka sun tai cin rani. In ba ka shiga, ni za ni shiga, a karya ni gaban jama'a."

To ka ji mugunta. Mutumin da ya hana ni ko wasan langa don kar in ɓata karatu, yau shi ke tura ni gaban wannan bijimi. Na tuɓe riga da takalmi, ƙafafuna sirara kamar karan dawa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ban san yadda aka yi ba. Na miƙa hannu, na ga sama, na ji ƙasa a bayana, bakina cike da rairayi. Almajiraina na makaranta, waɗanda nake zanewa in sun yi surutu, su suka fi kowa dariya. Na tashi ina ɗingishi, ina cewa a raina ai dai taken ya tsira.

Ina komawa, sai Bature ya ɗago na'urar hotonsa, ya ce abin ya yi sauri, bai samu ɗauka ba, yana so a sake. Hakimi, wanda ke zaune gefen Bature, ya juyo ya dube ni.

"Malam, mi yac ce?"

Jama'a, babu mai jin Turanci a wurin sai ni. Da na ce ya ce ya gode, da an tashi lafiya. Amma bakina, don tsabar biyayya, ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, ya ce a sake."

Aka sake. Wannan karon ƙaton ya ɗaga ni sama, ya riƙe ni ina wutsil-wutsil, sai da Bature ya gyara tsayuwa ya gyaɗa kai, sannan ya maka ni da ƙasa. Baba Nomau kuwa har yana gaya wa mutane cewa ɗansu jarumi ne, sau biyu ya fito.

Na yafe wa ƙaton, sana'arsa ya yi. Baba Nomau da Bature kam sai a lahira. Abin da na koya shi ne, gaskiya abu ce mai kyau ga tafinta, amma ba lokacin da bayansa ne zai sha ƙasa ba.