Tankin da Ba a Ba Magani

"Ina kwana, angon ƙarya? Kada ma ka amsa!"

Gumsu ce, ɗalibar kiwon kifi, tsaye kan tankunanta biyu a tsakar gidansu na unguwar Gwange. Tarwaɗa arba'in-arba'in ta zuba, duk masu gyambo. Ɗaya tana ba su maganin asibiti, ɗayan an bar su haka don a gwada. Saura kwana tara ta kai wa malaminta sakamako, sai ga ganyen darbejiya yana yawo a tanki na biyu. Kakanta Ba'ana, masuncin da rikici ya koro daga Baga, yana kan tabarma yana kurɓar shayi.

"Lafiya lau, amarya mai warin ƙarni."

"Wa ya taɓa min tanki?"

"Mijinki. Gishiri da darbejiya, kwana shida ke nan. Sai yau kika gani, likitar kwaɗi?"

"Inna lillahi! Waɗannan ba a ba su magani! Da su zan gane ko maganin yana kashe ƙwayar cutar!"

"Wato ki zuba musu ido su mutu, ke kina rubutu?"

"Haka binciken yake, tsoho mai haƙori uku!"

"Huɗu ne, ki ƙirga da kyau. Shekara hamsin ina cikin Tafkin Chadi, kifi har gaishe ni yake. Na bar jirgina, na bar komata ta kamun kifi, sannan in zauna ina kallon tarwaɗa tana ruɓewa a gabana? Na sake ki!"

"Saki na goma sha biyu ke nan bana. In na faɗi, kai za ka maimaita min shekarar?"

Ta fizgi ragar kwasa, ta shiga ƙirga tana huci. Tankin magani, talatin da uku suka rage. Na tsoho, talatin da takwas, gyambon har ya fara rufewa. Ta sake ƙirgawa. Haka dai.

"Bincikena ka rusa, wani za ka biya ni da shi. Gishiri nawa ka zuba?"

Ya buɗe tafin hannunsa. "Cikin wannan, sau biyu."

Ta cafke hannun, ta cika shi da gishiri, ta juye a sikeli.

"Giram sittin da biyu. Tashi, ganyen ma sai mun ƙirga."

Kaka Ba'ana ya tuntsire da dariya har shayin ya zube.

"To, na mayar da ke. Kawo takalmina."